Ƙishirwar Dallatu Maginin Rijiya

Idan ka taɓa shan ruwan rijiya a ƙauyukan da ke yamma da Watari, to da wuya in ba gumin Dallatu ka haɗa da shi ba. Maginin rijiya ne, ubansa ma haka, kakansa ma haka. Ni kuwa Hamisu taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana", ni ma ban taɓa ganin ya yi abu na ƙyale shi ban kushe ba. Da muka girma sai na zama mai riƙe masa igiya. Shi yana can ƙasa yana haƙa, ni ina sama ina jan laka ina zaginsa, yana ramawa daga cikin rami.

Gajere ne kakkaura, wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya, idanunsa kullum a tsuke saboda sabo da duhu. Ba shi da surutu sai an taɓo rijiya. In aka taɓo ta kuwa, sai ka nemi wurin zama.

A gidansu akwai wata doka da suka gada, kuma sun riƙe ta kamar da ita aka aiko su. Wanda zai shiga rijiya ba ya shan ruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya sha zai ji fitsari, rijiyar da bayin Allah za su sha su yi alwala kuwa ba a yi mata wannan rashin kunya. Fitowa kuma ba wasa ba ce, sai maza sun taru sun ja ka da igiya, su sake mayar da kai. Don haka da sassafe Dallatu zai ɗan sha kunun kanwa mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki, ya jefa goro a baki, ya sauka. Da azahar mu jawo shi ya yi salla. A wajen alwala ya kurkure baki ya tofar, ya koma. Da yamma in an ba shi ruwa sai ya ɗan kurɓa ya ajiye, wai cikinsa ya riga ya saba.

Har abin ya zame masa abin taƙama. A kasuwa mutane kan nuna shi su ce, ga mutumin da yake wuni cikin ruwa bai sha ba. Shi kuma ya gyara tsayuwa. Watan azumi, in mun yi laushi muna kwance ƙarƙashin darbejiya, sai ya zo ya tsaya a kanmu ya ce, "Ragwaye. Wannan ai hutu ne."

Sai shekarun fari suka zo, waɗanda har yau in tsofaffi za su ambata sai sun rage murya. Damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ta sake yin haka a shekara ta gaba. Gonaki nan a jere, ta wannan a jikin ta wancan, babu wadda ta fi wata. Aka sayar da awaki, aka ci dusa, aka bi tafasa da rama har aka ƙarar da na bakin hanya. Rijiyoyi suka janye ruwansu ƙasa. Kowa ya shiga uku, sai mutum ɗaya da kasuwarsa ta buɗe, wato Dallatu. Har daga Rimin Gado ake zuwa a kan keke a yi masa sallama, a zo a ƙara wa rijiya zurfi. Ba ya cewa a'a. Yau muna nan, gobe muna can, kuma kullum ramin ƙara nisa yake. Ƙasan rijiya mai zurfi ba sanyi ne da shi ba kamar yadda mutane suke zato. Ba iska, ga aiki, gumi yake yi har wandonsa ya riƙa ɗiga. In ya fito sai ka ga farin gishiri ya kwanta masa a gadon baya.

Ina ce masa, "Kai Dallatu, sha ruwa mana. Ko jaki ana kai shi rafi."

Ya ce, "Shi ya sa yake jaki, bawana."

Wata rana da hantsi, muna aiki a wani ƙauye, na ji an girgiza igiya. Na ɗauka guga ne ya cika. Na leƙa na ce, "Mene ne?" Sai na ji murya kamar ba tasa ba, "Ku ja ni." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya nemi fitowa kafin azahar ba. Muka jawo shi a dunƙule, ya riƙe kwiɓi, yana amai, yana birgima a ƙasa kamar an yanka kaza. Da ya samu ya zaga bayan danga, abin da ya fito kamar zoɓo.

Nan take masu ilimi suka yi yawa. Wannan ya ce aljanun rijiya ya taka, wancan ya ce sammu ne daga magina na wani gari. Aka yi rubutu, aka yi turare, wanzami ya kafa masa ƙaho a kwiɓin har ya bar tabo. Ciwon ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo da zazzaɓi. Matarsa Larai, wadda ba ta ɗaga murya amma in ta kafe ko amalanke ba ya jan ta, ita ce ta ce ya isa haka. Ta ɗaure kayanta, ta aiko a kira ni. Muka ɗora shi a bayan a-kori-kura sai asibitin birni.

Aka ɗauki hoto, aka yi masa tiyata. Da ya farfaɗo, likitan, wani saurayi mai tabarau, ya zo da 'yar kwalba ya miƙa masa. Tsakuwoyi ne a ciki, masu kaushi, babbar ta kai ƙwallon dabino. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Zuba su ya yi a tafin hannu, yana jujjuyawa yana ƙwanƙwasawa da farce, fuskarsa cike da jin daɗi kamar an yi masa haihuwa.

"Bawana, dubi nan," in ji shi. "Ko a ƙasa ban cika samun mai taurin wannan ba."

Likita bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya tambayi sana'arsa, ya tambayi ruwan da yake sha a wuni. Dallatu ya gyara kwanciya ya ba shi labarin dokar gidansu tiryan-tiryan, yana jiran yabo. Likita ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, in ka bar digarka a damshi, me take yi?"

"Tsatsa."

"To jikin mutum ma yana da irin tasa tsatsar. Kullum jiki yana ƙona abinci ya samu ƙarfi, kuma ƙonawar tana barin wani abu mai cin nama a hankali. Allah ya yi wa jiki abin da yake goge shi da shi, wani daga cikinsa, wani daga ganye da 'ya'yan itace. Amma in wahala ta yi yawa, ga zafi, ga ƙishirwa, ga yunwa, sai mai cin ya fi ƙarfin mai gogewar. Cikin ƙoda sumul yake, kamar cikin sabon tangaran. Gishirin da ke cikin fitsari wucewa yake, ba ya samun wurin kamawa. Amma in tsatsar nan ta ƙuje wurin ya yi kaushi, sai gishirin ya maƙale. Kai kuma ba ka aika ruwan da zai wanke shi. Ƙwaya ta hau kan ƙwaya har ta zama abin da ke hannunka. Ita kuma tsakuwar ta ƙara ƙuje wurin, wata ta samu wurin zama."

Dallatu ya gyaɗa kai. Maganar ta yi masa daɗi, don ta yi kama da aikinsa.

Likita ya ce, "Ban gama ba. Ƙoda biyu Allah ya ba ka. Ta hagu ta daɗe a toshe, ta mutu, ba ta dawowa. Ta dama na ciro wa waɗannan. Ita kaɗai ta rage maka, kuma ita ma ta ji jiki. In ta tafi, kai ma ka tafi. Maganinka ba a kanti yake ba. Ka sha ruwa, safe da rana da yamma, har fitsarinka ya yi fari kamar ruwan. Ka rage gishiri. Ka ci ganye."

Larai ta ce, "Ganye kam, likita, bara da bana ba abin da muke ci sai shi. Ruwan ne dai aiki."

Muka dawo gida, Tsamiyar Dabo. Larai ta mayar da kanta 'yar doka. Duk inda Dallatu ya zauna sai ka ga moɗa ta biyo shi, ita kuma ta tsaya a kansa sai ya shanye. Yana sha yana yamutsa fuska kamar ana ba shi maɗaci. Amma fa ya yi kyau, fatarsa ta sake, har kumatu ya fara. Kwalbar tsakuwar kuwa tana aljihu, duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa.

Ana cikin haka rijiyar garinmu, babbar da ke bayan masallaci, ta koma taɓo. Mata suka shiga tafiya wani tafki mai nisa, su fita da safe su dawo rana a ka, da ruwan da in ka zuba a kwano ba ka ganin ƙasansa. Mai unguwa Dabo ya zo har zaure. Bai ce Dallatu ya shiga ba, Allah ya sani bai ce ba. Cewa kawai ya yi abin kunya ne garin da ya shayar da garuruwa ya rasa na kansa, kuma ya ji an ce akwai wani magini a wajen Gezawa, ko za a aika masa. Kafin ya rufe baki Dallatu ya ce a fito da igiya.

Ranar farko Larai ta ɗura masa ruwa kafin ya fita. Ya sauka. Ba a jima ba igiya ta motsa. Muka jawo shi, ya zaga, muka mayar. Aka ɗan taɓa aiki, igiya ta sake motsawa. Masu jan nan fa da yunwa suke ja. Ɗanliti, wanda yake bayana a igiya, dogo ne mai ƙorafi tun ana ƙoshi, ya fara huci yana cewa shi laka aka ce ya zo ja, ba mutum ba. Mata kuma sun kewaye mu da tuluna suna jira. A cikinsu akwai Hure mai daddawa, wadda bakinta ya fi daddawarta ƙarfi. Da muka jawo shi karo na ban san nawa ba, sai ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma Dallatu ne gugan?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba, don maganar ta zauna. Shi bai dara ba. Washegari ya ture moɗar Larai da bayan hannu.

Larai ce ta kawo dabarar. Ta ce a sami gora biyu. Ɗaya a cika ta da ruwa a saukar masa, ɗaya a saukar da ita wayam, da totuwar masara da za ta toshe bakin gam. In ya matsu ya yi a ciki ya toshe, ya binne ta cikin lakar guga, ni kuma in ɗauke in zagaya bayan danga. Ko ɗigo ba zai taɓa rijiya ba. Wallahi har gobe ban ga aibin dabarar nan ba. Dallatu ya yi tsalle ya dire, ya ce ubansa zai tashi daga kabari. Larai ta ce to ya tashi, in ya zo ita za ta yi masa bayani, tunda shi da ƙodarsa biyu ya tafi. Da ƙyar ya yarda, bayan ya sa mun rantse ba mai ji.

Aiki kuwa ya tafi kamar an shafa mai. Yana sha, yana haƙa, ba ya fitowa sai azahar. Mutane suka ce Dallatun da ya dawo. Hure ma ta ce ai dama ta san jinya ce ta sa shi.

Ranar da ya fasa idon ruwa, daga ƙasa muka ji kabbararsa. Wuri ya ruɗe, mata suna guɗa, ni na kwanta rub da ciki a bakin rijiya ina leƙe ina zaginsa don murna. Guga ya iso sama ban lura ba. Ɗanliti ya juye lakar, gora ta gangaro. Ya san ana saukar wa Dallatu ruwan sha, ga shi maƙogwaronsa ya bushe, sai ya zare totuwar ya kai baki. Allah ya taimake shi hancinsa ya riga leɓensa.

"Innalillahi! Jama'a, fitsari ne!"

Guɗa ta tsaya cak. Ya ɗaga gorar sama yana juyawa da ita, don kada wani ya ce bai gani ba.

Aka kira Liman Khalilu. Mutum ne mai natsuwa. Ya tambaye ni, ya tambayi Dallatu da muka jawo shi yana tsaye kansa a ƙasa, ya duba totuwar da kansa. Ya ce babu abin da ya zuba, ruwa tsarkakakke ne, a sha a yi alwala. Da ruwan ya kwanta ya sa aka jawo guga, ya sha a gaban kowa har yana zubo masa a gemu.

Hure ta ce, "Allah gafarta Malam, kai ka sha, karatu zai tsare ka. Mu jahilai me zai tsare mu?"

Ta ɗora tulunta wayam a ka ta kama hanyar tafki, mata suka bi ta. Tafkin da shanu suke shiga su yi abin da suka ga dama, ba gora ba totuwa! Amma shi ba a ɗaga an nuna musu ba. Kafin mako ya zagayo sunan rijiya ya koma rijiyar gora. Ruwa fal a cikinta, garai-garai, mata suna wuce ta da safe suna kawar da kai. Har waƙa aka yi a wurin daka. A kasuwa waɗanda da suke nuna Dallatu har yanzu suna nuna shi, sai dai labarin ya canja. Masu zuwa a keke suka daina zuwa.

Ya daina fita zaure. Kwalbar tsakuwa ma ya daina nunawa. Rannan da safe ya aiko a kira ni, na tarar ya baje kayan aiki yana wasa diga.

Ya ce, "Sabuwa zan haƙa. Daga sama har ƙasa, can gefen fadama. Yadda Baba yake yi."

Na ce, "Wato ba ruwa."

"Ba ruwa."

Raina ya ɓaci, na manta da wasa. Na ce, "Kai mahaukacin ina ne? Ga rijiya can cike. In sun ga dama su sha, in ba su ga dama ba su mutu da ƙishi. Ƙoda ɗaya gare ka, Dallatu!"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Suna ma ɗaya gare ni, bawana."

Larai ta yi kuka, ta yi fushi, ta kai ƙara wurin Mai unguwa. Mai unguwa ya saurare ta da kyau, ya ce lallai abin dubawa ne, sannan ya ce Allah ya yi wa Dallatu albarka, irinsu ake nema a gari. Wa zai ƙi rijiya ta biyu a irin wannan shekara? Na ce ni ba zan riƙe igiya ba. Dallatu ya ce ba komai, Ɗanliti yana nan. Na tuna yadda Ɗanliti yake sakin igiya in zai sosa ƙeya, na je na karɓi abata.

Bazara ce, irin wadda ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Kullum da safe kafin ya sauka sai ya tsaya a bakin ramin ya ɗaga hannuwa, ya kakkaɓe wandonsa, ya juye guga a gaban duk wanda ke wurin, don a shaida. Hure takan biyo ta nan a hanyarta ta tafki, ta tsaya ta duba ta ce, "Yauwa. Haka muka san gidanku." Shi kuma wai sai ya ji daɗi. Da yamma Larai tana ɗura masa abin da ta iya, amma wunin ya riga ya tafi da nasa. Na ga kumatun sun zube. Na ga ya fara ɗaure kwiɓi da rawani tamau kafin ya sauka. In na tambaya sai ya ce sanyi ne. Sanyi a bazara!

Tsoro nake ji, kuma na gaya masa. Na ce, "In ka mutu a ramin nan wa zai riƙa ce mini bawa?" Ya ce zai bar wasiyya.

Ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, ya kai yashi mai damshi. Ranar da ruwa ya fara tsattsafowa ba mu ji kabbara ba. Igiya kawai ta motsa a hankali. Da muka jawo shi fuskarsa ta kumbura, idanun nan sun kusa rufewa, numfashinsa yana wani irin wari. Larai ta ce tun shekaranjiya bai zaga ba, ko ɗigo, kuma ya hana ta faɗa. Ya dube ni ya ce, "Na kai. A kira Hure ta leƙa."

A asibiti likitan nan dai muka tarar. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya murza idanu, ya ce a shiga da shi. Suka sake buɗe hanyar da ta toshe, aka sa masa roba, muka zauna muna kallon jakar da ke rataye a gefen gado kamar manomi yana kallon gabas. Abin da ya taru bai taka kara ya karya ba. Bayan kwanaki likita ya kira ni da Larai waje. Ya ce ƙodar ta gaji, abin da ya rage a cikinta kaɗan ne, mu kai shi gida cikin 'yan'uwa. Sannan ya ɗauko wani ɗan kofi na roba ya ba Larai.

Ya ce, "Yanzu kada ya sha ruwa da yawa. In ya sha ba shi da hanyar fita, ƙafafu zai tafi, ya hau ƙirji. Ga ma'auninsa. Ki raba masa a wuni, kada ki ƙara ko ya roƙe ki."

Larai ta kalli kofin, ta kalli likita. Ta ce, "Da ka ce ya sha, ya ƙi. Yanzu kuma..." Ba ta ƙarasa ba.

Kuma ya roƙa. Mutumin da ya yi shekaru yana raina masu ƙishirwa, yanzu ita ce ta kama shi, ta gaske. Leɓensa ya tsattsage. Duk wanda ya wuce da buta sai ya bi shi da ido. Larai da ta saba binsa da moɗa, yanzu ɓoye randa take yi.

Da a-kori-kura ta sauke mu a bakin gari, Dallatu yana kwance a baya bai ga komai ba. Ni na gani. Layin tuluna ne a bayan masallaci, a bakin rijiyar gora, ya miƙe har gindin kuka. Hure ce a gaba tana jan guga da ƙarfinta. Da muka haɗa ido sai ta shiga gyaran ɗankwali. Ɗanliti ne ya ba ni labari. Sabuwar rijiya ta tara ruwa sosai, amma zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa, wake ba ya dahuwa. Tafki kuma ya ƙafe ƙurmus. Sai aka fara ɗibar ta gora don wanki kawai. Daga nan aka ce ai dabbobi ba ruwansu. Daga nan wata ta dafa tuwo ba wanda ya mutu. Yanzu har cewa ake duk yankin ba ruwa mai daɗinta.

Na ce kada wanda ya gaya masa. Amma washegari da hantsi, da Larai ta kawo kofin, sai ya kawar da kai. Ya ce na sabuwar yake so, bai taɓa ɗanɗana ta ba. Na ce da nisa. Ya ce ina da ƙafa. Na ce ruwan bai kwanta ba. Ya ce, "Bawana, ni za ka koya wa kwanciyar ruwa?"

Na je na ɗebo. Ya ce a haɗa masa na wunin gaba ɗaya, yana so ya sha kamar mutum. Larai ta auna ta zuba a moɗa. Na tallafo kansa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa. Ƙishirwa ba ta bar shi ya tsaya ba sai da ya ga ƙasan moɗar. Ya lashi leɓe.

Ya ce, "Zartsi."

Sannan ya dube ni.

"To ina suke ɗiba?"

Na ce, "Ta bayan masallaci."

"Har Hure?"

"Ita ke buɗe layi."

Ya rufe ido. Ƙirjinsa ya fara motsi, na ɗauka numfashi ne ya sarƙe, ashe dariya yake, marar sauti, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. Da ta lafa ya ce, "Ka san ita ma tunda na ƙara mata zurfi ban taɓa sha ba? Fushi ya hana ni. An ce da daɗi?"

Na ce, "An ce."

Ya juya wajen Larai. "Ɗebo mini ita in ji."

Larai ta kalli moɗar da ke hannunta. Ta ce, "Malam, na yau ya ƙare. Sai gobe in Allah ya kai mu."

Ya ce, "To."

Da gari ya waye ita da kanta ta je, ta bi layi, ba wadda ta iya haɗa ido da ita. Ta dawo da ruwan a sabuwar ƙwarya. Amma Dallatu ya riga ya daina gane mutane, ba ya iya haɗiya. Ta riƙa tsoma auduga tana shafa masa a leɓe, tana ce masa, "Ga ta nan, Malam, ta bayan masallaci ce." Ban sani ba ko ya ji. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci ya cika.

Da ruwan rijiyar gora muka yi masa wanka. Hure ce ta aiko da shi, tulu biyu, ta ce in bai isa ba a faɗa mata.